Fashin baƙi: Kujerar hawan bishiya ta maharban Amurka, wai dole sai mara nauyi ce mai kyau?

Duk shekara da an shiga Satumba zuwa Oktoba, lokacin da yawancin jihohin Amurka ke buɗe farautar baka, sai bidiyon nan su cika YouTube da TikTok, kaga mutum can saman bishiya a kan wata 'yar kujerar ƙarfe da baka a hannu, barewa ta zo ƙarƙashinsa tana kiwonta bata ma san da shi ba. Mu nan abin da muke tambaya shine ya akayi ya hau can da kujera ba tsani ba reshe, su kuma can maharban nasu musun daban ne, kullum faɗan akan nauyi ne, wannan yace tashi kilo 7 ce wancan yace ai tashi bata kai haka ba, kamfanoni kuma sun gane lagon, kowa na rubuta nauyin da manyan baƙaƙe a jikin kwali. To tambayar itace, idan mai baka zai zaɓi irin wannan kujera, da gaske wadda tafi rashin nauyi itace tafi? Ni dai a ganina lambar nan ta jikin kwali itace abu na ƙarshe da ya kamata mutum ya duba, kuma bari mu bi abun daki-daki a ga dalili.

Wai mecece kujerar, kuma ya take hawa?

Abin da maharban Amurka ke zama a kai a sama kala-kala ne. Akwai mai tsani, wadda ake jinginawa a bishiya a ɗaure a barta nan duk kakar farauta, tana da nauyi sosai sai mutum biyu ko uku suke tada ita. Akwai ta ratayawa, wadda sai ka fara ɗaura matakai a jikin bishiyar ka hau sannan ka rataya ta. Sai kuma wadda muke magana a kai, mai hawa da kai, ita bata buƙatar tsani ko matakai, ita kanta itace abin hawan.

Gida biyu ce. Na sama shine wurin zama, na ƙasa kuma wurin tsayawa ne da ake sa ƙafa. Kowanne yana da kebul na ƙarfe da aka lulluɓe da roba, ko wani bel mai kauri, da ake zagaya bayan bishiya dashi a maƙale, sannan ta gaba inda ya taɓa bishiyar akwai haƙora masu cizon ɓawo. Sirrin kawai shine nauyin jikinka, idan ka taka sai kebul ya ja ta baya haƙora su nutse ta gaba, abun ya kame ƙam, idan ka ɗaga bakin da ke nesa da bishiyar sama kuma sai ya saki. Sai mutum ya ɗaga na sama ya kafa shi, ya ɗora nauyinsa a kai, ya jawo na ƙasa da ƙafafunsa da ke cikin wasu maɗaurai, ya taka ya kame, ya sake ɗaga na sama, a haka a haka har ya kai inda yake so. Duk wanda ya taɓa ganin masu hawan giginya ko dabino da igiya a ƙugu ya riga ya gane dabarar, jingina da baya ita ke riƙe mutum, bambancin kawai shi wannan idan ya kai sama yana da wurin zama.

A nan ma an kasu biyu, kuma wannan rabuwar ita ce tushen duk rigimar nauyin. Wata tana da sanda ko majanyi a gaba da zaka zauna a kai kana fuskantar bishiya ka jawo ƙafafunka, wato zauna-ka-tashi. Wata kuma babu komai a gaba, da gwiwar hannu da damtse zaka dogara ka ɗaga rabin jikinka. Ta biyun tafi sauƙin ɗauka, amma tafi cin ƙarfi wajen hawa.

Me yasa mai baka ya damu da ita fiye da mai bindiga

Mai bindiga yana iya zama a bakin gona ya harbi barewa daga yadi 150 ko fiye, shi kam mai baka yawancin harbinsa bai wuce yadi 20 zuwa 30 ba, ko da irin bakan nan na zamani mai ƙafafun juyi a kai da gindi wanda wani mutumin jihar Mizuri mai suna Holless Wilbur Allen ya samu rajistar ƙirƙirarsa a 1969. Yadi 20 kusa ne ƙwarai ga dabbar da hancinta da kunnenta suke aiki irin na barewa mai farin wutsiya, sannan ga babbar matsala, dole sai ka motsa ka ja tsirkiya tana tsaye a gabanka. Shiyasa ake hawa sama, mafi yawa ƙafa 15 zuwa 20, wato kamar mita 4 da rabi zuwa 6, don a fita daga saitin idonta kuma iska ta ɗan ɗauke warin mutum ta sama. Ba wai yana hana ta jin wari bane gaba ɗaya fa, idan iska ta juya ta nufi inda take an gama, kuma a dazukan da aka matsa musu da farauta barewar ta koyi ɗaga kai tana duba bishiyoyi.

Akwai wani abu kuma da mai karatu na gida zai so ya sani. Maharbanmu na gargajiya sun dogara da dafi, kibiya mai kwankwani ko ina ta samu a jiki aiki zai yi. A Amurka kusan ko'ina doka ta hana sa dafi a kibiya, abin da ke kashewa shine kaifin bakin kibiyar, mai faɗi kamar reza, kuma so ake ta ratsa huhu biyu ta fita. Kenan tsayuwar maharbi da yadda ya karkata da ko wani abu ya taɓa bakansa lokacin sakin kibiya, duk ba ƙaramin abu bane, kuskuren inci kaɗan sai a bar dabba da rauni ta shige daji ta mutu a banza. To kujerar da ya tsaya a kai tana cikin wannan lissafin dumu-dumu.

Ga ɗan lissafi. Idan kana ƙafa 20 a sama barewa kuma tana yadi 20 daga gindin bishiyar, karkatar harbin wajen digiri 18 ne, ba matsala. Amma ta matso yadi 5, ya haura digiri 50, kusan ƙasa kake kallo, a nan ne gindin baka yake neman wurin wucewa, a nan ne kuma duk wani ƙarfe da ke gabanka zai zame maka ciwon kai.

Daga ina zancen nauyi ya taso

Wanda yake da gonarsa ko ya karɓi hayar daji, shi baya cikin wannan damuwar, ya kafa mai tsani guda biyar ya barsu, da asuba ya tako da bakansa kawai. Talakan maharbi shine mai shiga dajin gwamnati, inda kowa mai lasisi yake da haƙƙin shiga, kuma a irin waɗannan wurare dokoki sun bambanta daga jiha zuwa jiha amma da yawa sun hana buga ƙusa ko murɗa mataki a jikin bishiya, wasu sun ƙayyade kwanakin da zaka bar kujera, wasu ma sai ka fita da abinka a ranar. Ko doka bata hana ba, ka barta ka dawo ka tarar wani ya yi gaba da ita. Ga kuma cunkoso, duk wurin da yake kusa da inda ake ajiye mota ya cika da mutane, barewa kuma ta gudu can ciki, sai ya zama wanda yake son nama dole ya yi tafiyar kilomita ɗaya ko biyu ko fiye cikin duhun asuba, da kujera a baya, da baka, da jaka, da kayan sanyi. A irin wannan tafiyar kilo biyu ma magana ce, kuma ba gajiya kaɗai ba, gumi ne babban abokin gaba, ka isa jiƙe sharkaf ka zauna cikin sanyin Nuwamba awa huɗu, ga wari ga rawar ɗari.

Tarihin abun ma ya nuna haka. A shekarun 1970 kujerar da ta yi tashe itace ta Baker daga jihar Jojiya, faranti ne na katako da ƙarfe, mutum rungumar bishiya yake yi da ƙirji ya jawo ƙafa, ba nauyi sosai amma ta yi ƙaurin suna wajen zamewa da mutane, har yau tsofaffin maharba suna bada labarinta da dariya mai haɗe da tsoro. Daga baya kamfanoni irin su Summit na jihar Alabama suka fito da masu kebul da wurin zama mai laushi, suka gyara riƙo amma nauyi ya ƙaru. Lone Wolf kuma ta ɓullo da wurin tsayawa na zubin alminiyam guda ɗaya da bel maimakon kebul, tana naɗewa ta kwanta shafal a baya. Tun daga nan ake ta jan igiya tsakanin jin daɗin zama da sauƙin ɗauka.

Me ake cirewa kafin nauyin ya ragu

Ba sihiri a ciki, duk kilo ɗaya da ya tafi wani abu aka sadaukar. Na farko ƙarfen kansa, kuma wannan shine ragin da ba asara a cikinsa sai ta aljihu. Ɗauki Viper ta Summit, wadda kusan itace aka fi sani, ta baƙin ƙarfe tana kusan fam 29, kilo 13 kenan, ta alminiyam kuma kusan fam 20, wato kilo 9, siffa kusan ɗaya. Kilo huɗu sun tafi ba'a taɓa girman komai ba. Ga mai tafiya mai nisa wannan ba abin tsayawa tunani bane.

Daga kilo 9 zuwa ƙasa ne ciniki yake farawa. Irin su OpenShot ta Summit ko ƙananan na Lone Wolf masu hawa da hannu suna wajen fam 15, kusan kilo 7, kuma an kai nan ne ta hanyar cire sandar gaba, da rage wurin zama ya koma ɗan faifai ba majingina sai jikin bishiya, da gajarta wurin tsayawa. Faɗin wurin tsayawa yawanci wajen inci 20 ne, tsawon ne yake bambanta, daga wajen inci 24 zuwa 30. Inci biyar ko shida a takarda ba komai bane, amma ka sa manyan takalman sanyi ka tsaya a sama kana son juyawa a hankali ba tare da ka kalli ƙafarka ba saboda idonka na kan barewa, a nan zaka san darajarsu. Mai ƙafa lamba 45 da mai lamba 40 ba kujera ɗaya zasu saya ba.

Sannan akwai wayon kwali. Nauyin da ake rubutawa sau da yawa na ƙarfen ne da abin da ya zama dole, mutum kuma yana saya zai ƙara madaurin goyo masu kauri da bel na ƙugu saboda waɗanda ake haɗowa dasu galibi sirara ne suna cin kafaɗa, ya ƙara mariƙin baka, ya ƙara matashi saboda zaman ya gagara, kafin ka ankara kilo ɗaya da rabin da aka biya kuɗi aka rage ya dawo. Kuma yadda kaya ya kwanta a baya yafi lambar sikeli tasiri, kujera mai kilo 9 da ta lafe a jiki nauyinta na kan ƙugu tafi mai kilo 7 da take lilo tana kama rassa tana jan ka baya.

Kar a manta da ɗaya lambar, wadda mutane basu cika karantawa ba, wato iya nauyin da aka yarda ta ɗauka. Yawanci fam 300 ne, kilo 136, manya irin Goliath ta Summit fam 350, kusan kilo 159. Wannan adadin ba nauyinka bane kai kaɗai, har da kaya da takalma da jaka da baka.

Rigimar sandar gaba

A nan masu baka suka rabu gida biyu kuma kowa na da hujja. Masu cewa a cire ta suna cewa sandar nan an yi ta ne don mai bindiga, shi tana masa amfani ma don yana ɗora bindiga a kai, amma mai baka idan barewa ta zo kusa ya sunkuya, gindin baka ko tsirkiya sai ta daki sandar, kibiya ta tafi wani wuri, wani lokacin har bakan ya lalace. Kuma ba'a iya harbi a zaune da ita sai da wahala, dole ka miƙe, miƙewa kuma motsi ne. Ga mai bakan gargajiya dogo, wanda yake kai inci 58 zuwa 62 ko fiye, maganar ma bata taso ba, buɗaɗɗen gaba kawai. Bakan zamani gajere ne, inci 30 zuwa 35 tsakanin ƙafafun juyin, shi yana da ɗan sarari.

Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa ku dai kuna faɗa ne, sandar ita ke sa mutum ya hau ba tare da ya jiƙe da gumi ba, ita ke sa hankalinsa ya kwanta a sama, kuma wanda hankalinsa ya kwanta shi ke iya zaman awa shida, wanda ya daɗe a zaune kuma shi ke ganin barewa. Dabararsu itace idan sun kai sama sai su saukar da gidan zaman ƙasa-ƙasa kusa da wurin tsayawa, yadda idan sun miƙe sandar zata tsaya wajen gwiwa ko ƙasa da haka, baka ya wuce ta samanta. Yana aiki, sai dai zaman ya koma kamar tsuguno, ƙafa tana yin sanyi da wuri. Akwai kuma na tsakiya, masu sanda ko majanyin da ake zama a kai wajen hawa, in an kai sama a ture shi ƙasa ya bar gaba a buɗe.

Ni inda na karkata shine, saurayi mai ƙarfin damtse wanda zamansa awa uku ne da safe ko da yamma kuma tafiyarsa da nisa, buɗaɗɗen gaba ya fi masa. Amma mutum mai jiki, ko wanda shekaru suka fara ja, ko mai ciwon kafaɗa, ko wanda yake son wuni guda a sama a farkon Nuwamba lokacin da mazan barewa ke bin mata suna yawo da rana tsaka, wallahi ya ɗauki kilo biyun nan ya huta, don hawa da hannu da kayan sanyi masu kauri ba wasa bane, kuma gajiya a tsakiyar bishiya ita ke kawo kuskure.

Bishiya ita ke yanke hukunci

Duk wannan surutun banza ne idan dajin da mutum zai shiga bashi da bishiyar da ta dace. Kujerar tana son bishiya miƙaƙƙiya, mara reshe har zuwa inda zaka tsaya, mai kauri tsakanin inci 8 zuwa 20 a yawancin samfura, kamar santimita 20 zuwa 50. Shiyasa ta fi karɓuwa a kudu maso gabashin Amurka, Jojiya da Alabama da Misisifi da makamantansu, inda ake da dazukan fain da aka shuka a jere miƙe tsaf. Ka je wurare irin Kansas ko wasu sassan Ayowa inda bishiyoyin bakin rafi suke a karkace da rassa tun daga ƙasa, sai ka yi ta yawo da kujera a baya kana neman bishiya maimakon neman barewa, ka ƙare a inda kujera take so ba inda dabba ke bi ba. Wannan shine babban aibinta kuma ba kamfanin da ya magance shi.

Ɓawo ma magana ne. Mai kaushi da ɗan taushi haƙora na kama shi da kyau. Mai santsi da tauri, ko mai ɓarewa falle-falle, ko wanda ruwa ya daskare a jikinsa, haɗari ne. Matacciyar bishiya kuwa ko kusa.

Sai wata dabara da sabon shiga ke yawan faɗawa. Bishiya tana sirancewa yayin da ake hawa, kenan idan ka daidaita wurin tsayawa ya kwanta daidai a ƙasa, kana kaiwa sama zaka ga gabansa ya sunkuya kamar zai zubar da kai. Dole tun a ƙasa a ɗaure shi gabansa na kallon sama kaɗan, gwargwadon yadda bishiyar ke sirancewa, kuma wannan sai da gwaji ake iya shi. Kwance kebul ɗin wurin tsayawa a sama don gyara shi ganganci ne. Akwai samfuran da aka yi musu hanyar daidaitawa ana sama, suna ƙara ɗan nauyi, kuma ga mai shiga dajin da bai sani ba cikin duhu wannan ƙarin yana biyan kansa.

Ƙara

Wannan gajere ne amma yana kashe farauta. Bututun alminiyam da aka yi wa walda holoƙo ne, ƙarfe ya taɓa shi sai ya yi ƙara kamar ƙararrawa a dajin da yayi tsit, shiyasa Summit ke cusa wani kumfa a cikin nasu, na zubi kuma tunda ba rami a ciki ƙararsa a mace take. Maharba da yawa suna naɗe wuraren da ke haɗuwa da tef mai laushi. Mai saye ya haɗa gida biyun yadda ake goyo, ya girgiza, ya saurara, sannan ya gwada kwancewa da ɗaurawa ido a rufe, don a duhu zai yi aikin kuma da yatsu masu sanyi.

Masu cewa zamaninta ya wuce

Daga wajen 2018 zuwa yanzu wani salo ya yi ƙarfi, wanda suke kira sirdi. Wani ɗan wando ne mai ƙarfi da ake sawa a ƙugu a ɗaure da igiya a bishiya, mutum ya jingina baya yana fuskantar bishiyar, ƙafarsa a kan ɗan ƙaramin mataki. Ba sabon abu bane, John Eberhart na jihar Mishigan ya shafe shekaru da dama yana amfani dashi yana yaɗa shi, amma kamfanoni irin su Tethrd ne suka mayar dashi abin yayi. Masu shi suna cewa ya fi komai sauƙi, yana hawa kowace irin bishiya ko karkatacciya ko mai rassa, kuma kana ɗaure tun daga ƙasa har ka sauko.

Gaskiya ne, amma a yi lissafin duka. Sirdin kansa ba nauyi, sai dai sai ka haɗa da mataki da sandunan hawa uku ko huɗu (matakan da ake ɗaurawa a jikin bishiya) da igiyoyi, in aka tara sau da yawa tazarar da ke tsakaninsa da ƙaramar kujera mai kilo 7 bata kai yadda ake zuzutawa ba, kuɗin kuma yakan fi, koyonsa ma yafi ɗaukar lokaci. A dajin da bishiyoyi suke miƙe har yanzu da wuya a samu abin da ya kai kujerar hawa saurin kafawa da daɗin zama. Inda dajin yake a karkace kuwa masu sirdi da masu ta ratayawa sun fi gaskiya, ba musu.

Inda ba'a rage nauyi

A jihohi da dama faɗowa daga bishiya, ba harbin bindiga ba, shine kan gaba wajen jikkata maharban barewa, karayar baya da ta ƙugu da shanyewar jiki har da mutuwa, kuma mafi yawan faɗuwar wajen hawa ne ko sauka, ba lokacin da mutum yake zaune ba. Saboda haka ƙungiyar masu ƙera waɗannan kujeru, TMA, ta fitar da ƙa'idojin gwaji, kuma kamfanonin da ke cikinta suna haɗa kowace kujera da ɗamarar tsaro mai kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi. Tsohon bel ɗin ƙugu guda ɗaya an daina yarda dashi, don mutum na iya kifewa kai ƙasa ko ya shaƙe shi.

Kujerar hawa tana da wata fa'ida a nan da ya kamata a yi amfani da ita, tunda ba reshe a hanya, zaka iya ɗaura igiyar ɗamarar a bishiya tun ƙafarka na ƙasa kana tura ta sama a kowane mataki. Yana rage sauri, shiyasa wasu ke ƙin yi sai sun kai sama, wato sun cire kariya a daidai inda aka fi faɗowa. Haka 'yar igiyar da ke haɗa gidan sama da na ƙasa, wasu na cire ta wai tana damunsu, to ranar da na ƙasa ya suɓuce daga ƙafa ya zame har gindin bishiya sai mutum ya tsinci kansa a rataye a mita 6 ba abin takawa. Baka kuma ba'a hawa dashi a hannu, igiya ake ɗaura masa a jawo shi bayan an zauna, kibiyoyi na cikin kwari.

Ko ɗamarar ta riƙe ka ba'a gama ba. Rataya a cikinta na tsawon lokaci yana sa jini ya taru a ƙafafu har mutum ya suma, don haka ake haɗowa da wani madauri da zaka saƙala ka taka ka miƙe a kai kana motsa ƙafa kafin ka koma kan kujera ko taimako ya zo, kuma a aljihun da hannu zai kai ake ajiye shi tare da waya, ba a cikin jakar da ke rataye a bishiya ba. A gida ma a san dajin da ka shiga da lokacin da zaka dawo. Ba'a fafe gora ranar tafiya, duk wanda ya sayi sabuwa ya fara gwada ta da rana a mita ɗaya ko biyu, da wani a kusa, har hannu ya saba.

Kuɗi, ta hannu, da mu nan gida

Mai kyau ta alminiyam sabuwa tana kaiwa wajen dala 300 zuwa sama, ta baƙin ƙarfe tafi araha, shiyasa kasuwar ta hannu take da ƙarfi. Ba laifi a saya, amma a duba walda ko akwai tsaga, a duba kebul ko robar ta fashe tsatsa ta shiga, a duba fil-fil ɗin da ke riƙe shi ko na asali ne ko wani ya musanya da ƙusar shago, a kuma bincika ko hukumar kare masu saye ta Amurka, CPSC, ta taɓa sa a janye wannan samfurin daga kasuwa, don an sha yin haka da kujerun bishiya. Kebul da bel da madauri kayan canzawa ne, rana da ruwa na cinye su ko ba'a yi amfani dasu ba, ɗamara ma tana da wa'adi a rubuce a jikinta, wadda kuma ta taɓa riƙe mutum a faɗuwa an gama da ita.

'Yan uwanmu da ke zaune a Amurka masu sha'awar shiga harkar, kafin kujera akwai lasisi da kwas ɗin koyon farauta, wasu jihohin kamar New York ma sai ka yi kwas na musamman na baka, sannan a karanta dokar dajin da za'a shiga don ta wannan ba ta wancan bace.

Mu kuma nan, wanda ya gani a bidiyo yaji yana so, ya dubi itatuwanmu tukuna. Kuka ta fi ƙarfin kebul, tsamiya da ɗorawa da kaɗanya da gawo duk suna rassa tun ƙasa-ƙasa, turare ne miƙaƙƙe shi kuma ɓawonsa santsi ne yana ɓarewa. Kuma don Allah kar wani ya ɗauki hoton ya kai wa mai walda yace a ƙera masa irinta da rodi, kusurwar haƙoran da ƙarfin kebul ɗin da inda nauyi ke sauka duk lissafi ne da aka gwada da injin, a ido ba'a ganinsu.